Rabin buhun yuriya da shari'ar Microsoft

Shagona na buga takardu yana Birnin Kebbi, ba nisa da sakatariya, kuma kusan shekara ashirin ke nan da madannin kwamfuta nake cin abinci. Takardun kotu, takardar rantsuwa, yarjejeniyar sayen fili, katin ɗaurin aure, furojet ɗin 'yan makaranta, duk ta hannuna suke bi. Yawancinsu ido ne kawai ke karantawa. In duba waƙafi, in daidaita layi, in buga, in karɓi kuɗina.

Watan jiya 'yar yayata da ke karatun lauya a Sakkwato ta zo hutu da filas a hannu. "Kawu, a daidaita mini wannan, a yi mini bango mai kyau, kwafi huɗu." Furojet ɗinta na shekarar ƙarshe ne, a kan dokar hana babakere a kasuwa. Ranar ba wuta, ga zafi, na tayar da janareta da niyyar in gama cikin awa guda saboda tsadar mai. Da na iso babi na uku sai na tarar na daina gyara, karatu nake yi. Babin a kan ƙarar da gwamnatin Amurka ta kai Microsoft ne, kamfanin da ya yi Windows ɗin da ke gabana da Word ɗin da nake aiki a cikinta. Janareta ya sha lita biyu ban buga ko shafi ɗaya ba.

Abin da ya riƙe ni shi ne na san labarin nan tun ina yaro. A fadamar ƙauyenmu na gan shi, sai dai a can ba wanda ya je gaban alƙali.

Mu mutanen ƙasar Jega ne. Mahaifina manomin shinkafa ne, rani da damina, yana kuma ɗan taɓa albasa. A shekarun da nake firamare zuwa sakandare, mutum ɗaya ne ke da takin zamani a duk yankinmu. Ba zan faɗi sunansa ba, ya rasu, Allah ya jiƙansa, kuma 'ya'yansa suna nan. Zan ce da shi mai taki. Shi ke da sito, shi ke da hanya da manya a birni, shi ke iya ba ka buhu biyar a ba da kaka ba ka ajiye ko sisi ba. Wannan alheri ne, kuma gidaje da yawa da shi suka miƙe. Amma takinsa ba ya tafiya shi kaɗai. In kana son kamfa da yuriya, sai ka haɗa da irinsa da maganin feshinsa, ko da kana da naka iri a rumbu. In kaka ta yi kuma, shansherarka a sitonsa za ta sauka, a kuɗin da ya yanke tun shinkafa ba ta fid da kai ba.

Wata shekara wani saurayi ya fara zuwa ran kasuwa da akori-kurar haya cike da taki. Yana sayar da buhu, yana sayar da rabin buhu, har da kwano yake aunawa ga mai ƙaramin ƙarfi. Ba iri, ba magani, ba alkawarin shinkafa. Ina tuna yadda yake farke bakin buhu da 'yar wuƙa ya ce ka sa hannu ka ji. Takinsa a bushe yake, yana zuba tsakanin yatsu, ba dunƙule-dunƙule irin na wanda ya daɗe a daɓen sito. Cikin kasuwa uku mutane suka yi masa caa. Mahaifina ya karɓi rabin buhun yuriya a wurinsa, ya ce zai biya kasuwa mai zuwa.

Mai taki bai ɗaga wa kowa murya ba. Ya kira direbobin da ke yi masa jigila, ya ce duk motar da ta ɗauko kayan yaron nan ta gama ɗaukar nasa. Ya aika wa manoman da ke cin bashinsa cewa wanda aka ga buhun wani a gonarsa, kada ya tunkaro sito bana. Sannan ya karya kuɗin yuriya ƙasa da yadda ya saro ta. Saurayin ya samu wata tsohuwar mota daga nesa ya zo kasuwa biyu, ya zauna a kan buhunansa tun hantsi har la'asar sakaliya, mutane suna zagayawa ta bayan rumfar mahauta don kada su haɗa ido da shi. Mahaifina yana cikinsu, ni ina biye da shi riƙe da igiyar akuya. Daga nan ba mu sake ganinsa ba. Kafin shinkafa ta nuna, yuriya ta koma kuɗinta har da ɗori.

Da wannan idon na karanta labarin Microsoft. Bayan yarinyar ta koma makaranta na nemo ainihin abin da alƙalin ya rubuta, sakin layi 412, na riƙa binsa a waya da daddare bayan na rufe shago, har mako biyu.

Ga wanda bai saba da kwamfuta ba, Windows ita ce uwar manhaja. In babu irinta, kwamfuta ƙarfe ce da roba kawai. A kanta sauran manhajoji ke hawa, na rubutu da na lissafi da na zane. Alƙalin ya ce a ƙarshen shekarun 1990, cikin kowace kwamfuta ɗari mai ƙwaƙwalwa irin ta Intel, aƙalla 95 Windows ce a kansu, kuma manhajojin da aka rubuta dominta sun haura 70,000. Nan ƙarfin yake. Mai rubuta manhaja yana kai kayansa inda jama'a suka taru, jama'a kuma suna taruwa inda kaya suke, kamar yadda ba mai kai albasa kasuwar da ba ta ci. Ko ka ƙera uwar manhajar da ta fi Windows kyau, wa zai saya alhali ba abin ɗorawa a kai? Don haka kamfanonin da ke ƙera kwamfuta, su Compaq da Dell da Gateway da IBM, rijiyarsu ɗaya ce. Su ne direbobin wannan labarin.

Tun kafin babbar shari'ar an taɓa ja wa kamfanin kunne. A farkon shekarun 1990 yana da wani tsarin lasisi da mai ƙera kwamfuta zai biya shi a kan kowace kwamfutar da ya fitar, ko ya sa manhajar Microsoft a ciki ko bai sa ba. To wa zai sa ta wani ya biya sau biyu? A 1994 ya sa hannu da ma'aikatar shari'a ta Amurka cewa ya daina. Yarjejeniyar ta kuma hana shi rataya wani kayansa a wuyan Windows, amma ta bar masa 'yar ƙofa: yana iya ƙera kayan da suke haɗe tun asali. Ta wannan ƙofar ya bi daga baya.

Saurayi mai akori-kura a nan shi ne Netscape. A ƙarshen 1994 ya fito da burauza mai suna Navigator, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, kuma nan da nan ta zama ƙofar intanet ga mafi yawan mutane. A watan Mayun 1995 Bill Gates, shugaban Microsoft a lokacin, ya rubuta wa manyan ma'aikatansa doguwar takarda yana gargaɗinsu cewa intanet ambaliya ce mai zuwa, har ya ambaci Netscape da suna. Abin tsoron shi ne Navigator tana aiki a kan Windows, tana aiki a kan kwamfutar Apple, tana aiki a kan wasu ma. Ga kuma Java ta kamfanin Sun, wadda aka yi don a rubuta manhaja sau ɗaya ta yi aiki ko'ina. In masu rubuta manhaja suka koma yi wa burauza aiki, mai saye ba zai ƙara damuwa da wace uwar manhaja ce a ƙasa ba, kuma rijiyar nan ɗaya ta zama rijiyoyi.

A watan Yunin 1995 mutanen Microsoft suka je ofishin Netscape. Alƙali ya gamsu cewa tayin raba kasuwa suka kai: ku bar mana masu Windows 95, ku riƙe sauran. Microsoft ya musanta hakan. Netscape dai bai karɓa ba. Sai Microsoft ya fito da tasa burauzar, Internet Explorer, ya ba da ita kyauta, daga baya ya ɗinke ta a jikin Windows ta yadda cire ta sai an sha wuya. Kamfanin AOL, wanda miliyoyin mutane ke shiga intanet ta hannunsa, an ba shi gurbi a cikin Windows a kan ya ɗauki Internet Explorer. Apple kuwa an nuna masa ana iya daina yi masa Office, manhajojin ofis da Word ke cikinsu, a 1997 ya amince Internet Explorer ta zama burauzarsa ta farko. Na Compaq ne ya fi taɓa ni. A 1996, lokacin da ya fi kowa sayar da kwamfuta a duniya, ya cire tambarin Internet Explorer daga fuskar wasu kwamfutocinsa. Microsoft ya aika masa takarda cewa zai janye lasisin Windows 95. Compaq ya mayar da tambarin. Da na zo nan na ajiye wayar na fita tsakar gida, domin direbobin ƙauyenmu nake gani tsaye a ƙofar sito, kowa ya sunkuyar da kai.

Ran 18 ga Mayun 1998 ma'aikatar shari'a da jihohi 20 suka shigar da ƙara a ƙarƙashin dokar Sherman ta 1890 mai hana babakere a kasuwa, dokar da aka raba kamfanin mai na Standard Oil gida 34 da ita a 1911. An fara zama a watan Oktoba gaban mai shari'a Thomas Penfield Jackson, David Boies yana jagorantar lauyoyin gwamnati. Ni da ke buga takardun kotu kullum, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne shaidar da ta fi cutar da kamfanin daga cikin gidansa ta fito, wato saƙonnin imel da manyansa suka rubuta wa juna. Gates bai tsaya gaban Jackson ba. An ɗauki bayaninsa bisa rantsuwa a bidiyo, aka riƙa kunnawa a kotu. Ana tambayarsa yana cewa bai tuna ba, yana jayayya a kan ma'anar ƙananan kalmomi irin su "mu" da "gasa", sai lauya ya ɗauko imel ɗin da shi ya rubuta ko aka aiko masa ya karanta. Wani babban ma'aikacin Intel, Steven McGeady, ya ba da shaida cewa ya ji ɗaya daga cikin shugabannin Microsoft, Paul Maritz, yana cewa za su toshe wa Netscape hanyar numfashi. Maritz ya ce bai faɗa ba.

Sai maganar kaset. Wani farfesan jami'ar Princeton, Edward Felten, ya rubuta 'yar manhaja da ke nuna ana iya raba Internet Explorer da Windows 98. A watan Fabrairun 1999 Microsoft ya kawo bidiyo don ya nuna cewa in an yi hakan kwamfuta tana nauyi. Boies ya sa aka riƙa tsayar da hoton, yana nuna wa mai ba da shaidar, Jim Allchin, cewa rubutun saman allo da tamburan da ke fuskar kwamfutar suna canzawa a tsakiyar gwajin. Ashe ba kwamfuta ɗaya aka ɗauka ba, haɗe-haɗe aka yi. Kamfanin ya ce kuskuren masu haɗa kaset ne. Amma duk wanda ya taɓa zama a kotu ya san in shaida ɗaya ta tsage, sauran ma da wani ido ake kallonsu.

Ran 5 ga Nuwamban 1999 Jackson ya fitar da sakin layin nan 412. Ran 3 ga Afrilun 2000 ya ce kamfanin ya karya doka. Ran 7 ga Yuni ya ba da umarni a raba shi biyu, Windows gefe guda, Office da Internet Explorer da sauran kaya gefe guda.

Ba a raba shi ba. Mai dokar barci ne ya ɓuge da gyangyaɗi. Ashe tun shari'a na gudana alƙalin yana ganawa da 'yan jarida a ɓoye, yana kwatanta Gates da Napoleon, yana kwatanta halin kamfanin da na gungun 'yan daba masu safarar ƙwaya. Ran 28 ga Yunin 2001 alƙalai bakwai na kotun ɗaukaka ƙara suka soke umarnin rabawa, suka cire shi daga shari'ar. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, domin mutumin ya yi aiki na haƙuri da bin diddigi, bakinsa ya ja masa. Sai dai a lura, alƙalan nan bakwai bakinsu ɗaya wajen tabbatar da jigon hukuncin: Microsoft ya mamaye kasuwa, kuma ya bi haramtattun hanyoyi don ya riƙe ta. A lokacin gwamnati ta canza, George W. Bush ya hau, ma'aikatar shari'a ta ce ta fasa neman a raba kamfanin. Aka yi sulhu a Nuwamban 2001, mai shari'a Colleen Kollar-Kotelly ta amince da shi bayan shekara guda. An hana kamfanin huce haushi a kan mai ƙera kwamfutar da ya sa manhajar wani, an tilasta masa buɗe wasu bayanan da masu rubuta manhaja ke buƙata, aka kafa kwamitin mutum uku yana sa masa ido. Sa idon bai ƙare ba sai Mayun 2011.

Netscape fa? Tun ana tsakiyar shari'a AOL ya saye shi a kan dala biliyan 4.2. A 2003 Microsoft ya biya dala miliyan 750 don a kashe ƙarar da Netscape ya shigar. Kamfanin Sun ya karɓi kusan biliyan 2 a 2004, RealNetworks ya karɓi miliyan 761, IBM miliyan 775. Kuɗi sun fita, amma kasuwa ta riga ta watse, kuma ni kaina shaida ne a kan haka ban sani ba. A 2003 na fara taɓa intanet, a wani kafe da ke kan titin Ahmadu Bello, inda ake sayar mana da awa a 'yar takarda mai lamba. A fuskar kowace kwamfuta akwai shuɗin harafin e, tambarin Internet Explorer. A wurinmu shi ne intanet. Da na fara koyar da yara kwamfuta, abin da nake ce musu ke nan: "Danna intanet." Ban taɓa jin sunan Netscape ba sai a furojet ɗin 'yar yayata. A shekarun nan sama da kashi 90 na masu shiga intanet a duniya ta wannan harafin suke bi, kuma daga Internet Explorer 6 ta 2001 sai da aka yi shekara biyar kafin a fito da sabuwa. Haka ƙannena da aka haifa bayan tafiyar saurayin nan suka tashi suna ganin taki da iri da maganin feshi kaya ɗaya ne, ba su taɓa tunanin ana iya sayen ɗaya a bar saura ba.

Tarayyar Turai ta fi Amurka zafin hannu. A Maris ɗin 2004 hukumar tarayyar ta ci Microsoft tarar Yuro miliyan 497, saboda ɗaura manhajar kallo da sauraro ta Media Player a jikin Windows, da kuma hana abokan gasa bayanan da manyan kwamfutocin ofis ke buƙata don su jitu da Windows. Da ya yi jan ƙafa aka ƙara masa miliyan 280.5 a 2006, da miliyan 899 a 2008, wadda kotu ta rage zuwa 860. An sa shi ya fitar da Windows marar Media Player, amma da yake kuɗinta ɗaya da mai ita, kusan ba wanda ya saya. Maganin da ya fi kwanta mini shi ne na 2009, bayan ƙorafin kamfanin Opera na ƙasar Norwe. Duk mai Windows a Turai da Internet Explorer ce burauzarsa, allo zai fito masa da burauza 12 ya zaɓa da kansa. Wato a jera buhunan kowa a rumfa ɗaya, manomi ya sa hannu ya ji. Allon ya ɓace daga wani sabon zubin Windows 7 tun Mayun 2011 har Yulin 2012, mutum kusan miliyan 15 ba su gan shi ba. Kamfanin ya ce matsalar aiki ce, ya karɓi laifi, aka ci shi miliyan 561 a 2013.

Na kira yarinyar a waya ina ba ta labarin abin da na karanta, da zafina.

"Kawu, a yi musu adalci fa," in ji ta. "Su cewa suka yi kyauta suka ba mutane, kuma burauza a cikin Windows sauƙi ce ga mai saye. Yau wace waya ce ke zuwa ba burauza?"

Gaskiyarta. Kuma ni ba maƙiyin kamfanin nan ba ne. Da Word na yi aure, da ita na gina ɗaki biyu a Badariya, kuma duk ɗan Arewa ya san dukiyar da gidauniyar Gates ta zuba a yaƙi da cutar shan inna. Mai taki ma ya gina masallaci, ya kai mutane Makka. Na ce mata, "Ɗiyata, sa'ad da mai taki ya karya kuɗin yuriya mu ma mun ji daɗi. Mako uku munka yi muna murna, munka yi shekara goma muna biya."

A karatun zaure bayan Magariba, malaminmu ya taɓa karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a tari ayari a hanya kafin ya iso kasuwa, ya kuma yi hani ga ɓoye kaya don su yi tsada. Amma da kaya suka yi tsada a Madina aka roƙe shi ya yanke farashi, bai yanke ba. Na daɗe ina juya waɗannan biyun a raina. Abin da na fahimta shi ne a bar kasuwa ta ci, amma kada wani ya tsaya a hanyarta. Kotun ɗaukaka ƙarar Amurka ma inda ta sauka ke nan. Girma ba laifi ba ne in da kyan kayanka ka same shi. Laifin yana wajen takardar da aka aika wa Compaq.

Kuma ina ganin shari'ar ta yi amfani, ko da wanda aka yi dominsa bai ci moriyarta ba. Daga tushen manhajar da Netscape ya sakar wa jama'a a 1998 aka samu burauzar Firefox a 2004. Burauzar Chrome ta Google ta fito a 2008, lokacin da Microsoft ke ƙarƙashin sa ido, ba ya iya ɗaga wa mai ƙera kwamfuta yatsa. A Yunin 2022 aka yi wa Internet Explorer ritaya. Duniya kuwa rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A Oktoban 2023 shugaban Microsoft, Satya Nadella, ya shiga kotu a matsayin shaidan gwamnati, yana kukan yadda Google ya toshe hanya a kasuwar bincike a intanet. An nuna wa kotun cewa a 2021 kaɗai Google ya biya dala biliyan 26.3 don ya zama shi ne na farko a wayoyi da burauzoji. A Agustan 2024 mai shari'a Amit Mehta ya ce Google ya karya dokar Sherman, kuma a kan hukuncin Microsoft na 2001 ya dogara sosai.

Abin da ya fi girgiza ni a furojet ɗin yana babi na huɗu. Mu ma muna da irin wannan doka. A farkon 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar gasa da kare haƙƙin masu saye, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ita ce ta ci Meta, uwar Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024. Yarinyar ta ja layi a ƙarƙashin sashe na 72. Ya hana wanda ya mamaye kasuwa ya sa mai sayensa ko mai kawo masa kaya ya daina hulɗa da abokin gasarsa. Ya hana shi sayar da kaya bisa sharaɗin sai an haɗa da wani kaya daban. Ya hana shi sayarwa ƙasa da abin da kayan suka ci masa don ya kori wani. Abubuwa ukun da na gani da idona ina riƙe da igiyar akuya, ga su a jere a dokar ƙasa. Na tambayi manoma bakwai cikin masu zuwa shagona yin hoton takardun ƙungiya, ba ko ɗaya da ya taɓa jin labarinta, kuma huɗu daga cikinsu har yau taki da sharaɗi suke karɓa. Mun yi shawara da yarinyar, in ta gama jarrabawa za mu mayar da sashen Hausa a shafi ɗaya, boko a gaba, ajami a baya, in buga da kuɗina.

Juma'ar da ta wuce na je gida. Mahaifina ya tsufa, ido ya yi rauni, yini yake a kan tabarma a zaure. Bayan mun gaisa na ba shi labarin duka, daga Netscape har Compaq, ina sauƙaƙa masa yadda zan iya. Bai katse ni ba sai da na zo kan kuɗin da aka biya.

"Shi wanga yaro da sunka kashe ma kasuwa, shi anka ba kuɗɗin?"

Na ce masa a'a, Baba, lokacin an riga an saye kamfanin, wanda ya saya shi ya karɓa.

Ya yi shiru, yana murza carbi. Can ya ce, "Ka tuna yaron ga mai taki a kwano?" Na ce na tuna. Ban taɓa zaton yana riƙe da shi a rai ba, domin shekara kusan talatin bai taɓa ɗaga maganar ba.

"Ranar da munka bi ta bayan mahauta, kuɗɗin rabin buhunai na cikin aljihuna. Tsoro ni ji kar a gan ni tsaye da shi. Ku tara ne a gidan, ga bashin buhu biyar bisa kaina."

Ya ce ya yi cigiyarsa sau biyu daga baya. An taɓa ce masa yana sayar da kayan gyaran babur a Jega, kusa da tasha. Ya kira ƙanwata ta ɗauko masa 'yar jakar fatar da ke ƙarƙashin katifarsa, ya tambaye ni nawa rabin buhun yuriya yake yanzu, ya ce da kuɗin yau za a biya. Abin da ke cikin jakar bai kai ba, na cika. Ya kwatanta mini mutumin: dogo, baƙi, da tabon ƙuna a bayan hannun hagu. Ranar Asabar zan rufe shago in tafi Jega.